Sashe biyu masu suna ɗaya: yadda na samo fili a MacBook Air kafin girka Big Sur

Kwamfutar MacBook Air ce ta 2017 mai faifan giga 128, tana kan macOS Catalina, ana son a ɗaga ta zuwa Big Sur, babbar manhajar Mac da ta biyo bayan Catalina. An riga an sauke manhajar girkawa, wadda ta haura giga 12. Da na buɗe ta na zaɓi "Macintosh HD", sai ta ƙi wucewa, ta ce filin bai isa ba, tana neman ƙarin giga 25 da 'yan kai. Abin da Apple ya gindaya shi ne a samu giga 35.5 a sake idan daga Sierra ko wadda ta biyo bayanta za a hau, giga 44.5 kuma idan daga wadda ta girme ta ne. Wannan na'urar giga 10 kacal ya rage mata. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, duk kayan mai ita, hotuna da takardu da bidiyo, ba su kai giga 30 ba. To ina sauran ya shiga?

Kafin na taɓa komai na kwafe manhajar girkawar daga foldar Applications zuwa faifan waje. Tana goge kanta da zarar ta gama aiki, kuma wanda ya san kuɗin data ba zai so ya sauke giga 12 sau biyu ba.

Na fara da abin da kowa ke farawa da shi. Akwai wasu bidiyo na kusan giga 8 a Downloads da mai kwamfutar ya ce yana da su a wani wuri. Na jefa su kwandon shara, na zubar da kwandon, na koma na duba fili. Ko gezau. Giga 10 ɗin nan dai yana nan yadda yake. Idan ka ga haka a kan Mac, kusan kullum hotunan faifai na Time Machine, manhajar Mac mai yin kwafin ajiya, su ne suka riƙe wurin. Matuƙar Time Machine tana kunne a kan ajiyar kai-tsaye, kwamfutar tana ɗaukar hoton yadda faifan yake kusan kowace awa, ta adana a cikin faifan kansa har na tsawon awa 24, ko da faifan waje ba ya jone. Fayil ɗin da ka goge yana cikin hoton da aka ɗauka kafin ka goge shi, saboda haka wurin da ya zauna ba zai saku ba sai hoton ya tafi. A Terminal, tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, na rubuta:

tmutil listlocalsnapshots /

Layi uku suka fito, kowanne ya fara da com.apple.TimeMachine, sai kwanan wata da lokaci. Ana goge kowanne da wannan umarnin, a sa lambobin kwanan watan da lokacin daidai yadda suka bayyana, ba tare da farkon sunan ko kalmar local ta ƙarshe ba:

sudo tmutil deletelocalsnapshots SHEKARA-WATA-RANA-LOKACI

Na kashe "Back Up Automatically" tukuna a saitin Time Machine don kada ya ɗauki sabo ina tsakiyar aiki. Da ukun suka tafi, fili ya tashi zuwa giga 18. Sai na leƙa ~/Library/Application Support/MobileSync/Backup, inda kwafin ajiyar iPhone ke zama, na tarar da giga 6 na wata wayar da ba a ma amfani da ita yanzu. Shi ma ya tafi bayan na tambaya. Giga 24 ke nan, da sauran rina a kaba.

Wani abu da ya kamata a sani a nan: lambar filin da Finder, manhajar duba fayiloli, ke nunawa ba ita ce ta gaskiya ba a kowane lokaci, domin yana haɗawa da wurin da manhajar ke ganin za ta iya sharewa idan ta matsu. Manhajar girkawa ba ta dogara da wannan alƙawarin. Ni da df -H / nake aunawa. A lura da babban harafin H: shi ke ƙirga giga irin na Finder. Ƙaramin h yana ƙirgawa da 1024, sai faifan giga 121 ya fito a matsayin 113, mutum ya ɗauka wani abu ya ɓata alhali ba abin da ya ɓata.

Amsar tana cikin About This Mac, a shafin Storage. Akwai wani dogon yanki mai ruwan toka a jikin layin, da na ɗora kibiya a kansa sai ya rubuta "Other Volumes in Container", kusan giga 49. A na'ura mai lafiya wannan yankin 'yan giga kaɗan ne. Na buɗe Disk Utility, manhajar sarrafa faifai, na shiga View na zaɓi "Show All Devices", wanda in ba a zaɓe shi ba rabin abin da ke faifan a ɓoye yake. A ƙarƙashin "Container disk1" sai ga abu uku: "Macintosh HD" guda ɗaya, da "Macintosh HD - Data" har guda biyu.

A nan ne mutane ke yin ɓarnar da ba ta gyaruwa, don haka bari na tsaya na yi bayani sosai. Tun daga High Sierra a 2017 faifan Mac ya koma tsarin APFS. A wannan tsarin faifan kamar gida ɗaya ne, shi ne kwantenar, sassan da ke ciki kuma kamar ɗakuna ne marasa iyakar girma: kowanne yana ɗiba daga fili ɗaya gwargwadon kayan da ke cikinsa. Shi ya sa duk sashen da ka danna a Disk Utility za ka ga filin da ya rage iri ɗaya ne, kuma shi ya sa sashen da ba a amfani da shi yake iya shaƙe wanda ake amfani da shi. Da Catalina ta fito a watan Oktoban 2019, sai aka raba babbar manhajar da kayan mai kwamfuta. "Macintosh HD" ya zama na manhaja zalla, ana karanta shi amma ba a rubutu a kansa, girmansa wajen giga 11. "Macintosh HD - Data" ya ɗauki foldar Users da manhajojin da ka girka da kanka da duk abin da ke canzawa. An ɗaure biyun a rukuni ɗaya, Finder yana nuna su kamar faifai ɗaya. Saboda haka ganin "Macintosh HD" da "Macintosh HD - Data" tare ba maimaici ba ne, haka aka gina shi. Duk wanda ya goge na biyun yana tunanin kwafi ne, ya goge kayansa kaf. Haka nan Preboot da Recovery da VM, waɗanda diskutil list ke nunawa, kowanne da aikinsa: na farko na tayar da na'ura ne, na biyu na gyara, na uku kuma nan manhajar ke jingine abin da ya yi wa ƙwaƙwalwa yawa. Ba a taɓa su.

Matsala tana farawa ne idan sashen Data ya zama biyu a kwantena ɗaya alhali manhaja ɗaya ce a kai. Hanyar da hakan ke faruwa sananniya ce. Wani ya shiga Recovery da niyyar wanke kwamfuta, ya goge "Macintosh HD" kaɗai yadda aka saba yi tun zamanin Mojave da kafinta, ya sake girka manhaja a kansa. Gogewar ta tsinke igiyar da ta ɗaure shi da tsohon Data. Manhajar girkawa ta ga ba shi da abokin tafiya, sai ta ƙirƙira masa sabon Data. Tsohon ya zauna a gefe da duk kayansa, ba mai kula shi, yana cin fili. Akwai kuma ɗan'uwan wannan kuskuren: mutum ya zaɓi "Macintosh HD - Data" a matsayin inda za a girka, sai ya wayi gari da sashe mai suna "Macintosh HD - Data - Data". Na taɓa ganin mai Data uku a jere, kowace wanka ta bar nata. Kwamfutar da aka saya ta hannu ta fi zuwa da wannan, domin ana yawan wanke ta cikin gaggawa kafin a sayar.

Yanzu sai tambayar da komai ya rataya a kanta: cikin biyun wanne ne mai rai? Suna ɗaya ne. Girma ba hujja ba ne, a wannan na'urar ma tsohon ya fi girma, giga 46, mai ran kuma 37 bayan sharar da na yi. Matsayi a jeri shi ma ba hujja ba ne. Hujjar ita ce inda aka ɗora sashen. Na danna na farko a Disk Utility na duba "Mount Point" a ƙasa: /Volumes/Macintosh HD - Data. Na danna na biyu: /System/Volumes/Data. Na biyun shi ne mai rai, domin nan ne kaɗai manhajar ke ɗora sashen da take aiki da shi. Duk wanda ya faɗa ƙarƙashin /Volumes baƙo ne a wurinta, kamar filashin da aka soka. Wata alama kuma, tsohon yana fitowa a Finder a matsayin faifai mai zaman kansa, mai ran ba ya fitowa.

Ban tsaya a ido ba, na tabbatar da umarni biyu:

diskutil info /System/Volumes/Data

diskutil apfs listVolumeGroups

Na farko ya ba ni lambar sashen mai rai a layin "Device Identifier", a nan disk1s6, da kuma doguwar lambarsa ta "Volume UUID", na rubuta duka a takarda. Na biyu ya nuna rukunin da ya haɗa disk1s5 mai matsayin System da disk1s6 mai matsayin Data. Tsohon, disk1s1, ba ya cikin wannan rukunin. Kada a dogara da diskutil apfs list kaɗai, don tsohon yana iya ci gaba da ɗaukar matsayin Data a can, biyun su yi kama da juna sak. Sannan wannan gwajin na wurin ɗorawa yana aiki ne kawai idan an tayar da kwamfutar yadda aka saba. A cikin Recovery duka biyun a ƙarƙashin /Volumes suke zama, lambobin disk ɗin ma suna iya canzawa daga tashi zuwa tashi. Doguwar lambar UUID ce ba ta canzawa. Shi ya sa na fi son a yi wannan aikin a cikin manhajar da ke gudana, inda ko ka yi kuskure ba za ta yarda ka goge sashen da take tsaye a kansa ba.

Gano tsohon ba ya nufin a goge shi nan take. Na shiga /Volumes/Macintosh HD - Data/Users na tarar da folda mai sunan mai kwamfutar, wato ba na wani baƙo ba ne, nasa ne na kafin wankar da aka yi mata. Desktop da Documents da Pictures duk suna ɗauke da jan tambarin hana shiga. Da na gwada auna su a Terminal sai ya ce "Operation not permitted", ko da sudo. Maganin wannan yana System Preferences, Security & Privacy, shafin Privacy, "Full Disk Access": a buɗe kwaɗon da ke ƙasa, a ƙara Terminal, a rufe shi a sake buɗewa. Bayan haka:

sudo du -sh "/Volumes/Macintosh HD - Data/Users/"*

Giga 31 ne a foldar tasa, kuma giga 19 daga ciki "Photos Library.photoslibrary" ne, hotunan shekaru da ya riga ya haƙura da su yana zaton wankar ta tafi da su. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana mutum danna alamar gogewa kafin ya leƙa.

Idan tsohon sashen yana da FileVault, wato kullen da ke sirrinta kayan faifai, zai fito a dushe a Disk Utility, ba zai buɗu ba sai da kalmar sirrin da ake amfani da ita a wancan lokacin, ko dogon mabuɗin ceto da aka bayar ranar da aka kunna shi. Ana danna Mount a sa kalmar, ko a rubuta diskutil apfs unlockVolume da lambar sashen. In babu ko ɗaya daga cikinsu, kayan ba za su fito ba, amma ana iya goge sashen a samu filin.

Wajen kwafewa faifan waje ya so ya kawo cikas. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa a kasuwa a tsarin NTFS suke zuwa, Mac yana karanta shi amma ba ya rubutu a kansa. FAT32 kuma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4. ExFAT yana karɓar manya, sai dai bai dace da rumbun hotuna na Photos ba, kuma ba ya riƙe izinin fayiloli. Na yi amfani da faifan da aka tsara a APFS, Mac OS Extended ma ya yi. Umarnin shi ne:

sudo ditto "/Volumes/Macintosh HD - Data/Users/SUNA" "/Volumes/Ajiya/tsohon-gida"

SUNA shi ne sunan foldar mai kwamfutar, Ajiya kuma sunan faifan waje.

Na zaɓi ditto a kan ja-da-saki na Finder saboda yana ɗauko foldar Library da ke ɓoye, inda wasiƙun Mail da saƙonnin Messages da kalmomin sirri na Keychains suke, kuma ba ya tsayawa yana tambaya a kan kowane fayil. Ya ɗauki kusan minti 40 ta USB 3. Da ya gama na auna kwafin da du -sh na kwatanta da na asali, na buɗe takardu biyar-shida daga wurare daban-daban, sannan na riƙe maɓallin Option na buɗe Photos na nuna masa rumbun da ke faifan waje. Sai da na ga hotunan sun jeru da idona na yarda. Na kuma leƙa Users/Shared da Applications na tsohon sashen ko akwai abin da aka manta. A wannan zaman na yi wa sashen mai rai cikakken kwafin ajiya shi ma, domin ba na fara ɗaga babbar manhaja ba tare da shi ba, komai saurin da ake yi.

Gogewar kanta ba ta kai minti ɗaya ba. Na danna tsohon sashen a Disk Utility, na sake karanta "Mount Point" da lambar UUID na kwatanta da takardata, na danna alamar ragewa da ke sama a wajen Volume. Ba Erase ba: Erase yana kwashe kayan ne ya bar sashen fanko mai suna iri ɗaya, wanda gobe zai sake rikita wani. Idan akwatin tambaya ya kawo zaɓin "Delete Volume Group" kusa da "Delete", a tsaya a sake dubawa, domin hakan na nuna sashen yana ɗaure da wani sashen manhaja, kuma "Delete Volume Group" zai tafi da su duka. A Terminal daidai wannan aikin shi ne diskutil apfs deleteVolume da lambar sashen. Da na sake buga df -H / sai ga giga 70 a sake. Na gudanar da First Aid, binciken lafiyar faifai na Disk Utility, a kan kowane sashe, sannan a kan kwantenar, duk suka fito lafiya.

Ina ba da shawarar kada a fara girkawa da fili daidai wa daida, a bar ko da giga 10 a kan abin da aka nema. Manhajojin girka Big Sur na farko-farko, daga fitowarta a Nuwamban 2020, ba sa tantance fili yadda ya kamata kafin su fara, sai faifai ya cika a tsakiyar aiki na'ura ta maƙale da saƙon "An error occurred preparing the software update". An gyara wannan a 11.2.1 cikin Fabrairun 2021, amma tsofaffin kwafi suna nan suna yawo a filashin masu gyara. Idan wani ya ba ka manhajar girkawa don ka huta da saukewa, duba lambarta kafin ka buɗe. Wadda ke kan wannan na'urar sabuwa ce, shi ya sa ta tsaya ta yi gargaɗi maimakon ta kutsa.

Girkawar ta ci awa ɗaya da 'yan mintuna. Na bar caja a jone da batir a cike, a kan wutar da na tabbata ba za ta ɗauke ba. Na'urar ta mutu ta tashi sau da yawa, layin ci-gaba ya tsaya cik na kusan minti goma a wani wuri, allon ya yi baƙi na ɗan lokaci. Duk wannan cikin aikin ne, kada a danne maɓallin wuta.

Bayan ta tashi a Big Sur, diskutil list ya nuna wani abu da zai iya tayar da hankalin wanda ya sha wahalar maimaici: "Macintosh HD" a disk1s5, sai kuma wani layi a ƙarƙashinsa, disk1s5s1, mai suna da ya fara da com.apple.os.update, girmansu ɗaya, wajen giga 15. Wannan ba sashe na biyu ba ne kuma ba ya cin ƙarin fili. Daga Big Sur manhajar ba ta tashi daga sashen kai-tsaye, tana tashi ne daga hatimtaccen hotonsa, wanda ake tantancewa don a tabbata ba a sauya ko fayil ɗaya ba. Akwai kuma sabon ƙaramin sashe mai suna Update da ke aikin sabuntawa. Su ma ba a taɓa su. A kan Desktop an ajiye gajeriyar hanya mai suna "Relocated Items", mai kaiwa ga folda a /Users/Shared, inda aka tara fayilolin saiti da ba su da gurbi a sabon tsarin. Na duba, babu abin mai kwamfutar a ciki, na goge gajeriyar hanyar.

Ga wanda zai wanke Mac mai Catalina ko sama da ita nan gaba, hanyar da ba ta barin maraya ita ce: a Recovery, a fara cire sashen Data da alamar ragewa, sannan a goge "Macintosh HD". A Disk Utility na Big Sur, danna Erase a kan "Macintosh HD" yana kawo maɓallin "Erase Volume Group", wanda ke share biyun a tare, shi za a zaɓa. Daga Monterey kuma, na'urori masu guntun T2 ko na Apple silicon suna da "Erase All Content and Settings", wanda ke wanke kayan mai kwamfuta ba tare da an sake girka manhaja ba. MacBook Air ta 2017 ba ta da T2, don haka ita sai ta Recovery.

Na mayar da rumbun hotunan nan na giga 19 cikin Pictures, na sake kunna "Back Up Automatically", na cire Terminal daga jerin "Full Disk Access". Awon ƙarshe ya nuna sashen Data guda ɗaya a kan /System/Volumes/Data, da giga 59 a sake.